Yadda En'e Ta Zaɓi Burji Don Hanyoyin Karkara

A shekarar 1911 jirgin ƙasa ya iso Kano, a 1929 ya kai Ƙauran Namoda, a 1930 kuwa ya kai Nguru. Tun daga sa'an nan gyada da auduga suka yi daraja, ya zama tilas a sami hanyar da mota za ta bi ta kwaso su daga ƙauyuka zuwa tasha. Manyan hanyoyi na Gwamnati ne, amma na karkara an ɗora su a wuyan En'e, daga baitulmali ake biyan kuɗinsu. To, sai tambaya ta taso, da me za a shimfiɗe su?

Da fari share daji kurum aka yi, aka tumɓuke kututture, aka bar ƙasar wurin yadda Allah ya yi ta. Irin waɗannan su ake kira hanyoyin rani. A jigawa mota ta kan kafe cikin rairayi. A fadama kuwa, da ƙasar firki ta wajen Dikwa, da ruwa ya sauka sai laka ta riƙe ƙafa, ba gaba ba baya. Kwalta ta fi ƙarfin baitulmali, fasa dutse kuma aiki ne mai cin kuɗi da lokaci. Saboda haka hankali ya koma kan burji, watau tsakuwar marmara wadda ta ke kwance ƙarƙashin ƙasa a wurare da yawa na Arewa.

Amma fa ba kowane burji ke yin hanya ba. Wanda tsakuwa ta yi wa yawa ba ya kama jikinsa, da rani ƙafafun mota su watsar da shi, hanya ta yi gargada. Wanda yumɓu ya yi wa yawa, da damina sai santsi da kwazazzabo. Na kirki shi ne mai tsakuwa manya da ƙanana, da yumɓu gwargwadon abin da zai ɗaure su. Heluma ya kan jiƙa shi ya dunƙula a hannu, in ya dunƙulu bai manne wa tafi ba, ya yi.

Abu na biyu shi ne nisan rami. Da diga da shebur ake haƙa, da kwanon sarki leburori ke ɗauka a ka. Bayan dokar 1933 ta taƙaita aikin tilas, nisan ɗauka ya zama kuɗi a littafin Ma'aji. Don haka sau da yawa matsakaicin burji na kusa ya fi kyakkyawa na nesa.

Na uku shi ne ruwa, babban abokin gāban hanya. Akan yi mata doro a tsakiya, a haƙa lambatu hagu da dama, a sa kwalbati a mashigin rafi. In an yi ruwa mai yawa a sa shinge, a tsai da manyan motoci sai ta sha iska. 'Yan hanya kuma suna nan kullum suna cike ramuka.

Ma'aikatan wancan zamani sun gane ba a zaɓen abin shimfiɗa sai an dubi ƙasa, an dubi ruwa, an dubi abin da baitulmali za ta iya gyarawa kowace shekara. Allah ya ji ƙan waɗanda suka riga mu.