Ram

ram (suna, namiji, aro daga Turanci). 1. Ƙwaƙwalwar wucin gadi ta kwamfuta, inda take riƙe aikin da ke hannunta; wuta na ɗaukewa, abin da ke ciki ya tafi. Da gigabait ake auna shi. 2. Siririn allo mai haƙoran ruwan zinariya da ake cusawa a ramin uwar allon kwamfutar tebur: "Ƙara mata ram, ta cika nauyi."

Iri-iri ne. DDR3 haƙora 240 gare shi, DDR4 kuwa 288, kuma giɓinsu ba wuri ɗaya yake ba, don haka wannan ba ya shiga ramin wancan. Mai zuwa Kano daga nesa don saye ya tafi da tsohon a aljihu, ya huta da komawa.

In za a sa shi, a zare wuta tukuna, a danna shi har maƙalan gefe su ce ƙas. In kwamfuta ta yi ta ƙara, allo baƙi ƙirin, sau da yawa ƙurar hunturu ce: a cire, a goge haƙoran da magogin fensir a hankali, a mayar.

Dabam yake da ram na "an yi ram da ɓarawo".