Ziyara Zuwa Kwarurukan Kwal Na Kudancin Wales

Editan wannan mujalla tamu ya nemi in rubuta wani abu a kan tarihi, shi ne na ga ya dace in ba ku labarin wani yanki na ƙasar Birtaniya da na ziyarta a shekarar 2023, wato kwarurukan kudancin Wales, inda aka shafe fiye da shekara 100 ana haƙar kwal.

Duk wanda ya zauna aji tare da mu zai tuna darasin juyin masana'antu na Turai. Mun haddace cewa kwal da baƙin ƙarfe su ne suka ɗaukaka Birtaniya, muka rubuta haka a jarrabawa, muka ci. Amma littattafan da muka karanta sun fi ba da labarin injuna da masu kuɗi, ba su faɗi abin kirki ba game da mutanen da suka shiga ƙarƙashin ƙasa suka fito da kwal ɗin. To, labarin waɗannan mutane, da yadda 'ya'yansu da jikokinsu suka adana shi, shi ne nake so mu duba tare, domin akwai abin da ya shafe mu a ciki.

Idan mutum ya tashi daga birnin Cardiff da ke bakin teku ya nufi arewa, zai tarar da kwaruruka masu tsawo sun jeru kamar yatsun hannu, kowanne da koginsa a tsakiya da tuddai a gefe biyu. Akwai kwarin Rhondda, da na Cynon, da na Taff, da na Rhymney, da na Ebbw, da sauransu. Saboda matsatsi, gidajen leburori a jere suke a jikin tudu, bango ɗaya ya haɗa kowane gida da na maƙwabcinsa. A da can manoma da makiyayan tumaki ne ƙalilan suke zaune a wurin. Baƙin ƙarfe ne ya fara jawo jama'a, domin a bakin kwarurukan ta arewa Allah ya haɗa tama da kwal da dutsen farar ƙasa a wuri ɗaya. A shekarar 1789 aka hura wuta a masana'antar narka ƙarfe ta Blaenavon. Garin Merthyr Tydfil kuwa, a farkon ƙarni na 19 ya fi kowane gari a Wales yawan jama'a. A can ne ranar 21 ga Fabrairu 1804 wani injiniya mai suna Richard Trevithick ya gwada injin tururi a kan dogo, ya ja tan 10 na ƙarfe da mutum wajen 70 tafiyar fiye da mil 9. Wannan shi ne mafarin jirgin ƙasa a duniya.

Daga baya sai kwal ya karɓe ragama. Kwal ɗin Wales yana da zafin wuta ga ƙarancin hayaƙi, don haka jiragen ruwan yaƙi na Birtaniya da jiragen 'yan kasuwa suka fi son sa. Kwarin Rhondda, wanda mutanensa ba su kai 1,000 ba a shekarar 1851, ya zuwa 1921 sun haura 160,000. A shekarar 1913 aka kai ƙololuwa: an haƙo kusan tan miliyan 57 a kudancin Wales, masu aikin kuma sun fi mutum 230,000. Tashoshin ruwa na Cardiff da Barry suka zama cikin manyan wuraren fitar da kwal na duniya. Wani abin da zai ba ku sha'awa shi ne, jiragen da suke dakon kwal ɗin nan sun ɗauki ma'aikata da yawa daga Yaman da Somaliya, waɗansunsu suka zauna a unguwar Butetown ta Cardiff, suka kafa ɗaya daga cikin tsofaffin al'ummun Musulmi na Birtaniya, kuma zuriyarsu na nan har yau.

Hausawa sun ce gani ya kori ji. Wurin da na fi ganin gaskiyar wannan magana shi ne ramin da ake kira Big Pit a garin Blaenavon. An yi aiki a cikinsa daga 1880 zuwa 1980, sannan a 1983 aka buɗe shi a matsayin gidan tarihi, a shekarar 2000 kuma hukumar UNESCO ta sa Blaenavon da kewayensa cikin wuraren tarihi na duniya. Kafin a shiga da kai sai an ba ka hular kwano mai fitila a goshi, an ɗaura maka ɗamara mai nauyi. Za a karɓe wayarka da agogonka da ashana da duk wani abu mai batir, saboda har yanzu dokar haƙar ma'adinai tana aiki a kan ramin, kuma ɗan tartsatsi ya isa ya tayar da iskar gas. Daga nan sai a zuba ku cikin keji na ƙarfe a sauke ku zurfin mita 90.

Wanda ya zagaya da mu tsohon ma'aikacin kwal ne, ya yi ƙuruciyarsa a cikin rami. Ya nuna mana garken dawaki na ƙarƙashin ƙasa, inda har yanzu sunayen dawakin da suka ja kekunan kwal suna rubuce a jikin alluna. Ya nuna mana ƙofofin da suke daidaita iska, ya ce a da yara ƙanana ake zaunarwa su riƙa buɗewa da rufewa tun safe har dare, kafin dokar 1842 ta hana mata da yaran da ba su kai shekara 10 ba yin aiki a ƙarƙashin ƙasa. Sai ya ce kowa ya kashe fitilarsa. Jama'a, na san duhun daren damina a ƙauye, amma wannan duhu daban yake, ko hannunka ka kawo kusa da idonka ba za ka gan shi ba. Minti ɗaya muka yi a haka, alhali yaran can wuni suke yi.

Arzikin kwal bai zo a banza ba, da rayuka aka saye shi. Ranar 14 ga Oktoba 1913, a shekarar nan da aka fi haƙo kwal, iskar gas ta fashe a ramin Senghenydd ta hallaka ma'aikata 439, haɗarin rami mafi muni a tarihin Birtaniya. Da aka je kotu, tarar da aka ci manajan ramin fam 24 ce, kamfanin kuma fam 10. Waɗanda suka tsira daga irin wannan haɗari kuwa, da yawansu ƙurar kwal ce ta cinye musu huhu a hankali.

Amma wurin da ya fi sosa mini rai shi ne ƙauyen Aberfan. Dattin da ake fitarwa daga rami, a kan tudu ake jibge shi har ya zama tsauni. An yi ta jibge irin wannan a saman Aberfan, a kan idon ruwa, duk da koke-koken mutanen gari. Ranar Juma'a 21 ga Oktoba 1966, bayan kwanaki ana ruwan sama, da misalin ƙarfe tara da kwata na safe, tsibin ya zabtaro ya binne makarantar firamare ta Pantglas da waɗansu gidaje. Mutum 144 suka rasu, 116 daga cikinsu yara ne. Kwamitin bincike ya ɗora laifin a kan Hukumar Kwal ta Ƙasa, amma ba a gurfanar da kowa a kotu ba. Bugu da ƙari, sai da aka ɗebi fam 150,000 daga kuɗin gudummawar da jama'a suka tara aka sa cikin aikin kwashe sauran tsibin, ba a mayar da kuɗin ba sai a 1997. A yau filin makarantar ya zama lambun tunawa, an shata wurin kowane aji da gajeren bango. Malamanmu da suka san nauyin yara a hannunsu su ne za su fi kowa gane abin da mutum yake ji idan ya tsaya a wurin.

Duk da wannan wahala, mutanen kwarurukan ba su zauna jiran wani ya zo ya taimake su ba. Sun riƙa cire kwabo-kwabo daga albashinsu suna gina manyan zauruka masu ɗakin karatu da ɗakin taro, inda lebura zai fito daga rami ya yi wanka ya je ya karanta littafi. A garin Tredegar sun kafa ƙungiyar kula da lafiya, kowa yana ba da ɗan abin da aka yanka masa, idan ciwo ya zo a duba shi da iyalinsa ba tare da biyan kuɗi ba. Wani ɗan garin mai suna Aneurin Bevan, wanda ya shiga rami yana ɗan shekara 13, shi ne ya zama ministan lafiya, ya kafa tsarin asibiti kyauta na Birtaniya a 1948. Lalle hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma ina ganin ƙungiya irin tamu tana da abin koyi a nan.

Komai ya yi farko yana da ƙarshe. Bayan yaƙin duniya na ɗaya jiragen ruwa suka fara komawa amfani da mai, kasuwar kwal ta fara ja da baya. Gwamnati ta karɓi ramukan a 1947, amma rufewa ta ci gaba. Daga Maris 1984 zuwa Maris 1985 ma'aikatan kwal suka yi yajin aiki na shekara guda don hana gwamnatin Margaret Thatcher rufe ramuka, ba su yi nasara ba. A Disamba 1990 aka rufe ramin Maerdy, na ƙarshe a kwarin Rhondda. Ramin Tower ne ya yi abin mamaki: da aka rufe shi a 1994, sai ma'aikata 239 kowanne ya kawo fam 8,000 daga kuɗin sallamarsa suka saye shi, suka koma aiki a Janairu 1995, suka riƙe shi har kwal ɗin da za a iya haƙowa ya ƙare a Janairu 2008.

Wanda ya je kwarurukan a yau zai ga kore shar ko'ina. An baje tsibi da yawa an dasa ciyawa da itatuwa. Wurin shaƙatawa na kwarin Dare, wanda aka buɗe a 1973, a kan tsofaffin ramuka yake zaune. Kogin Taff da a da yake gudu baƙi ƙirin, yanzu kifi ya dawo cikinsa, kuma akwai hanyar ƙafa da keke mai tsawon mil 55 da ta bi kwarinsa daga Cardiff har Brecon, wani sashe nata a kan tsohon layin dogo. Na taka ɗan abin da ƙafata ta iya. Masu jini a jika kuwa suna hawa dutsen Pen y Fan mai tsayin mita 886, wanda ya fi kowanne tsawo a kudancin Wales. Sai dai kada koren ya ruɗe mu. Ayyukan da suka tafi da kwal ba su dawo duka ba, kuma garuruwan nan suna cikin mafi talauci a Birtaniya. Har yanzu akwai tsofaffin tsibin kwal fiye da 2,500 a Wales, kuma a Fabrairu 2020 ɗaya ya zabtaro a Tylorstown bayan ruwan sama mai yawa, Allah ya taimaka ba a rasa rai ba.

Abin da na ɗauko daga tafiyar nan shi ne, tarihin talaka ba ya adana kansa, sai an tashi an adana shi tun masu shi suna raye. A Big Pit tsofaffin ma'aikata ne suke ba da labarin da bakinsu, kuma da aka ga suna tsufa sai aka fara ɗaukar matasa suna koyo a hannunsu. Mu ma fa muna da irin wannan tarihi. A kwarin Iva na Enugu, ranar 18 ga Nuwamba 1949, 'yan sandan mulkin mallaka suka harbe ma'aikatan kwal 21 da suke neman haƙƙinsu, abin da ya ƙara wa gwagwarmayar neman 'yancin kai ƙarfi. A ƙasar Jos kuwa, dubban mutanenmu daga Kano da Katsina da Zazzau da Sakkwato da Barno suka yi aikin kuza. Tsakanin 1942 da 1944 ma da tilas aka riƙa kwashe su, abin da ake kira ɗiban gwamna, kuma da yawa sanyi da cuta suka kashe su a can. Tun da farashin kuza ya faɗi a 1985 manyan kamfanoni suka watse, aka bar kududdufai a kewayen Bukuru da Barikin Ladi.

A cikinmu akwai waɗanda da kuɗin kuza aka saya musu kayan makaranta. Dattawan da suka yi aikin nan a ƙarshen zamanin kamfanoni kullum raguwa suke yi. Shawarata ga ƙungiyarmu ita ce, duk wanda yake da irin wannan dattijo a gidansu ko a unguwarsu, ya zauna da shi ya ɗauki muryarsa: wane bariki ya zauna, nawa ake biyansa, me suke ci, waɗanne waƙoƙi suke yi a bakin aiki, wa ya rasu a gabansa. A tara waɗannan a miƙa wa ɗakin karatu na makarantarmu, malaman tarihi su sa ɗalibai su rubuta su. Ba aiki ne mai cin kuɗi ba, wayar hannu da haƙurin sauraro sun isa. Ina roƙon shugabanninmu su sa wannan magana cikin jerin abubuwan da za a tattauna a taronmu na shekara mai zuwa.