Tarihin Haruffan Didot da Bodoni

Haruffan ɗab'in nan waɗanda ginshiƙansu na tsaye suke da kauri ƙwarai, alhali layukansu na kwance da 'yan ƙafafunsu sirara ne tamkar silin gashi, asalinsu yana komawa ga ƙarni na 18 na Miladiyya, zamanin da takarda da tawada da injin bugu suka kai matsayin ingancin da magabata ba su riska ba. John Baskerville na Birmingham a Ingila shi ya share fage a 1757, sa'ad da ya buga waƙoƙin Virgil, mawaƙin tsohuwar Rum, da tawada baƙa wuluk a kan takarda mai santsi. Amma waɗanda suka kai al'amarin matuƙa su ne Firmin Didot na birnin Faris, wajen 1784, da Giambattista Bodoni, wanda sarkin Parma ta ƙasar Italiya ya danƙa wa maɗaba'ar fada tun 1768, ya ƙarar da rayuwarsa a sassaƙar haruffa har ajali ya cim masa a 1813, sannan matarsa ta fitar da babban kundinsa, Manuale Tipografico, a 1818.

Sai dai abin da ya ba su kwarjini shi ne kuma aibinsu, domin idan aka ƙanƙanta su aka buga a takarda mai arha, siraran layukan nan sukan kakkarye ko su ɓace, ginshiƙan kuwa su yi ta ɗaukar ido har mai karatu ya gaji. Kuma da yake maɗaba'un ƙarni na 19 sun cika littattafai da kwaikwayonsu marar kyau, ba a yi mamaki ba da William Morris, mai zane kuma mai maɗaba'a ɗan Ingila, ya yi tir da aikin Bodoni, ko da yake a ganina zaluncin masu kwaikwayo ne aka ɗora wa malaminsu.

Mazauninsu na haƙiƙa shi ne babban rubutu. Tun farkon ƙarni na 19 ne maƙeran haruffa na Landan, irin su Robert Thorne, suka ƙara wa ginshiƙan ƙiba domin tallan bango. Daga baya mujallun ado na Amurka suka rungume su, musamman Harper's Bazaar a hannun mai tsara fasalinta Alexey Brodovitch daga 1934 zuwa 1958, da Vogue wadda sunanta yake fitowa da haruffan Didot tun 1955. A 1991 Jonathan Hoefler ya zana wa Harper's Bazaar sabon Didot mai siga daban ga kowane girma, yana mai raya ƙa'idar mutanen da, waɗanda suke sassaƙa kowane girma shi kaɗai, suna ƙara wa ƙananan haruffa kaurin layi gwargwadon buƙata.

Editan da yake nufin sa su a kanun labaran Hausa kuwa, wajibinsa ne ya fara bincika ko an zana ƙ da ɗ da ɓ a cikinsu, gama da yawa daga cikinsu ba a yi la'akari da haruffa masu lanƙwasa ba, sai kwamfuta ta aro su daga wani jinsi dabam ta cusa a tsakiyar kalma.