Rinar da Ta Tsallaka Teku a Cikin Akwati: Tarihin Yaƙin Niyu Zilan da Gidan Rina

 Ga waɗanda ba su samu sun saurara ba, ga shi nan na rubuto muku kamar yadda aka saba.

Yau tarihin ƙwaro na kawo muku. Eh, ƙwaro. Za mu je Niyu Zilan, ƙasar nan mai manyan tsibirai biyu da ke kudu maso gabashin Ostareliya, mu ga yadda rina ta shiga musu ƙasa a 1945, ta shige bangon gidaje da rufi da ramukan daji, har yau kusan shekara 80 ana fafatawa ba a gama da ita ba. A ƙarshe zan faɗi abin da wannan tarihi ya koya wa mutane game da gidan rina idan ya zo cikin bangon ɗakin da kake kwana.

Bari mu fara da rabe ɗaya biyu, don kada mu haɗa su. Zanzaron da muka sani, wanda ke ɗebo laka ya manna ɗan gidansa a kusurwar ɗaki, shi kaɗai yake rayuwarsa, kuma da wuya ya harbi mutum. Rinarmu ta gida kuma, mai rataye saƙarta a ƙarƙashin rufin kwano ko reshen bishiya, jama'arta ba su da yawa, kana ganin gidan a fili. Wadda zan yi magana a kanta daban ce. Ana kiranta rinar Jamus, masana kuma suna ce mata Vespula germanica. Baƙa ce mai ratsin rawaya, girmanta kusan na ƙudan zuma, asalinta Turai da arewacin Afirka da wani yanki na Asiya. Ita ɓoye gidanta take yi, a rami ko kogon itace ko cikin bango, kuma gida ɗaya yakan tara dubbai.

Gidan nan fa da takarda ake gina shi. Rinar takan sauka a kan busasshen katako, ta kankare shi da baki, ta tauna da yawu, ta shimfiɗa shi siriri ya bushe. Tun a 1719 wani masanin Faransa mai suna Réaumur ya lura da wannan, ya ce wa ƙungiyar masana kimiyya ta ƙasarsa, tunda rina na yin takarda da itace, mutum ma zai iya. A lokacin da tsummokara ake yin takarda a Turai. Sai a 1844 wani Bajamushe, Friedrich Keller, ya ƙera injin niƙa itace don yin takarda. Wato littafin da ke hannunka, rina ta riga mu sanin sirrinsa.

To, yaya aka yi ta je Niyu Zilan?

Sai ka san yadda shekararta take tafiya kafin ka gane. A Turai, idan hunturu ya kama, duk gidan mutuwa yake yi: ma'aikata, maza, har tsohuwar sarauniya. Waɗanda ke tsira su ne sababbin sarauniyoyi, waɗanda suka riga suka sadu da namiji. Kowacce sai ta nemi wani lungu mai duhu, ƙarƙashin ɓawon itace ko cikin tarin kaya, ta kwanta barci na watanni, ba ci ba sha. Idan ɗumi ya dawo ta farka, ta gina ɗan gida da bai kai ƙwan kaza ba, ta yi ƙwai, ta reni 'ya'yan farko da kanta. Daga nan su za su karɓi aikin gini da neman abinci, ita kuma ta zauna tana zuba ƙwai kawai.

Kun ga ke nan sarauniya ɗaya da ke barci a cikin akwati gari guda ce a naɗe. Abin da ya faru ke nan. A ƙarshen Yaƙin Duniya na Biyu an yi ta shigo da kaya daga Turai, kuma bayanin da masana suka fi karɓa shi ne sarauniyoyin sun zo ne a cikin akwatunan kayan gyaran jirgin sama. A 1945 aka ga gidajenta na farko a kusa da birnin Hamilton, a Tsibirin Arewa. Kafin wannan lokacin, ƙasar ba ta da rina mai zaman taro irin wannan ko guda ɗaya a matsayin 'yar gida.

Da ta sauka, sai ta tarar da aljannar duniya. Babu maƙiyanta na Turai, babu cututtukan da ke rage ta, ga abinci, ga sanyin da bai kai na can ba. Wannan na ƙarshen shi ya fi komai muni. Tunda hunturun bai da zafi sosai, wasu gidajen sai suka daina mutuwa, su ƙetare zuwa shekara ta biyu suna ƙara girma. A watan Afrilun 1963 aka samu wani gida a wata gona a Waimauku, kusa da Auckland, tsawonsa mita 3.7, faɗinsa wajen mita 1.75. Ka auna da ɗakinka ka gani. Kundin bajinta na Guinness ya rubuta shi a matsayin gidan rina mafi girma da aka taɓa samu.

Gwamnati ba ta naɗe hannu ba. A 1948 aka fito da wata dabara da kowa zai ce ta yi: duk wanda ya kawo sarauniyar rina za a biya shi lada. Tunda kowace sarauniya gida guda ce, ai kashe ta kashe dubbai ne, ko? Jama'a suka bazama, har da 'yan makaranta. Aka tara sarauniyoyi kusan 118,000. Da lokaci ya zagayo, rina ta fito kamar ba a taɓa ta ba.

Me ya sa? Lissafi ne. Gida ɗaya yakan fitar da sababbin sarauniyoyi ɗaruruwa, babba ma dubbai. Mafi yawansu dama mutuwa za su yi da kansu, ko ruwa ya ci su, ko yunwa, ko su kashe juna wajen rigimar wurin gini. Idan ɗaya tak ta tsira daga kowane gida, yawan gidaje bai ragu ba. Saboda haka waɗanda aka biya kuɗi aka kama, galibinsu masu mutuwa ne ko an kama ko ba a kama ba, sauran kuma sun samu sarari. Ɗiban ruwan rijiya ne da cokali. Cikin 'yan shekaru ta mamaye Tsibirin Arewa, a shekarun 1950 ta tsallaka Tsibirin Kudu.

Ana cikin wannan, sai ga 'yar'uwarta, Vespula vulgaris, ita ma daga Turai, ta samu gindin zama a ƙarshen shekarun 1970. Ita ce ta kai abin maƙura, musamman a dazuzzukan arewacin Tsibirin Kudu. A can akwai wasu bishiyoyi da wani ɗan mitsitsin ƙwaro ke shiga ɓawonsu yana tsotsar ruwan jikinsu, yana fitar da ɗigon ruwa mai zaƙi. Wannan ɗigo, wato darɓa, shi ne abincin tsuntsayen ƙasar irin su kaka da tui, da ƙadangaru da ƙwari, tun fil azal. Rina ta zo ta zauna a kai. A watannin da ta fi yawa takan shanye fiye da kashi 90 cikin 100 na darɓar. Masu bincike sun auna, suka tarar cewa a irin wannan lokacin, idan ka haɗa nauyin rinar da ke dajin, ya fi nauyin tsuntsaye da ɓeraye da sauran ƙananan dabbobin da aka shigo da su gaba ɗaya. Kuma ba zaƙi kaɗai take ci ba. Tana farautar tsutsa da gizo-gizo, an ma ga tana kashe 'yan tsakin tsuntsaye a sheƙa. Masu kiwon zuma su ma sun ji a jikinsu, don tana kai hari a amya ta kwashe zuma da tsutsar. Wani ƙiyasi da aka yi wa gwamnati a 2015 ya ce ɓarnar ta kai wajen dala miliyan 130 ta kuɗin ƙasar a kowace shekara.

An gwada kawo mata maƙiyi daga gida. Daga 1987 aka riƙa sakin wani ɗan ƙwaro daga Turai, Sphecophaga, wanda ke shiga gidan rina ya yi ƙwai a jikin 'ya'yanta. Ya kama a wurare kaɗan, bai yi wani tasirin a zo a gani ba. A 2021 hukumar kare muhalli ta ƙasar ta amince a sake shigo da wasu maƙiyan biyu, wani ƙuda da wani buzuzu.

Abin da ya fi aiki ya fito ne daga lura da cikin rinar kanta. Kun san ƙugunta, wanda saboda irinsa ne muke cewa mutum ya yi zanzaro idan ya cusa riga a wando. Babbar rina ruwa-ruwa kawai take iya haɗiya. Naman da take farauta na tsutsotsinta ne: ta kai gida ta ba su, su kuma su fitar mata da wani ruwa mai zaƙi ta sha. Abinci yana zagaya gidan baki da baki har ya kai ga sarauniya. Wani masanin ƙwari a birnin Nelson, Richard Toft, ya gina dabararsa a kan wannan. Ya haɗa abinci mai kama da nama, babu sukari a ciki don kada ƙudan zuma ya kula shi, ya sa masa ɗan guba mai suna fipronil wanda ba ya kashewa nan take. Ma'aikaciya za ta ɗauka ta kai gida da ƙafarta, ta raba wa kowa. Sunan maganin Vespex. Da hukumar kula da gandun daji ta gwada shi a 2015, rina ta ragu da fiye da kashi 95 cikin 100 a wuraren da aka sa. Amma sai an sake sawa duk shekara, kuma ba kowa ake sayar wa ba, sai wanda ya ci wata 'yar jarrabawa.

To, mu dawo bango. A can, da ma Turai da Amurka, gidaje da yawa bangonsu na da rami a tsakiya, tsakanin katako ko bulo na waje da allon filasta na ciki. Wurin a bushe yake, da ɗumi, da duhu, daidai abin da sarauniya ke nema. Alamar farko ita ce ka ga rina na shiga da fita ta ƙaramin rami ɗaya kamar motoci a tasha, ko ka ji ƙaras-ƙaras a cikin bango. Mu ma da muke da silin da bulo mai rami da akwatin mita, darasin ya shafe mu, ko rina ce ko zuma.

Na ɗaya, kada ka toshe ramin. Wannan shi ne kuskuren da aka fi yi. Wadda ke kankare katako da baki, allon filasta ba komai ba ne a wurinta. Ka rufe mata ƙofar waje, za ta huda ta ciki, ka wayi gari da dubbai a ɗakin yara.

Na biyu, babu wuta, babu fetur, babu kalanzir. Gidan takarda ne a jikin katako. Kana neman korar rina sai ka ƙone gidanka. Haka kuma kada ka zuba fiya-fiya a bangon ɗakin da mutane ke kwana, tururinsa na iya illata su kafin ya illata ƙwaron.

Na uku, kashe waɗanda ke shawagi a waje aikin 1948 ne. Matuƙar sarauniya na ciki tana ƙwai, ba ka yi komai ba. Shi ya sa masu sana'ar feshi ke busa garin magani a bakin ramin, su bar shi a buɗe, rinar ta taka ta shiga da shi. Da magariba ko da dare suke yi, lokacin da kowa ya dawo gida, sanye da kayan da suka rufe jiki da fuska, kuma ba a haska tocila kai tsaye cikin ramin. Sai an ga kwana biyu ko uku babu mai shiga babu mai fita, sannan a liƙe. Idan gidan babba ne, ko sai an hau tsani, ka kira masu aikin. Kuɗin feshi bai kai kuɗin asibiti ba.

Na huɗu, harbin. Ƙudan zuma sau ɗaya yake harbi ya bar ƙarinsa a jikinka. Rina kuwa tana maimaitawa, kuma idan ta harba ko aka murƙushe ta, takan saki wani wari da ke kiran 'yan'uwanta. Ga yawancin mutane zafi ne da kumburi, a wanke a sa ƙanƙara. Amma idan ka ga numfashi na sarƙewa, ko leɓe da harshe na kumbura, ko jiri, ko borin jini ya feso a duk jiki, a tafi asibiti a take, ba a jira. Minti kaɗan na iya raba rai da mutuwa. Haka ma wanda suka taru a kansa da yawa, musamman yaro.

Abu na ƙarshe, don kada a ce na haɗa ku faɗa da kowace rina. Tamu ta gida 'yar ƙasa ce, kuma tsutsar da ke cin amfanin gona ita take kwasa ta kai wa 'ya'yanta. Idan gidanta na can nesa da ƙofa da wurin wasan yara, ka ƙyale ta, aiki take maka kyauta. Ta Niyu Zilan ta zama annoba ne saboda an kai ta inda babu mai taka mata burki. Irin wannan tafiyar ta kai ta Tasmaniya a 1959, ta kuma ɓulla a Cape Town na Afirka ta Kudu a shekarun 1970. Duk lokacin da ka ji ana tsananta binciken kwantena da katako a tashar jiragen ruwa, irin wannan fasinjan ake nema.

A nan zan dakata. Wanda ya san yadda ake raba gida da rina a garinsu, ko sunan da kuke kiranta da shi, ya rubuto mana a ƙasa mu ƙaru da juna. Ku tura wa wanda kuka san yana da ita a silin.