Yaushe Ya Kamata a Sare Bishiya?

A farkon ƙarni na 18, ma'adinan azurfa na Saksoni, a cikin Jamus ta yau, sun kusa cinye dazukan da ke kewaye da su. Ramukan haƙa na bukatar katakon tokari, wuraren narka ƙarfe kuwa ba sa ƙoshi da gawayi. A 1713 babban jami'in ma'adinai na Freiberg, Hans Carl von Carlowitz, ya wallafa littafi yana gargaɗi kada a sare fiye da abin da daji zai iya mayarwa. Faɗin haka ba wuya. Wuyar tana ga sanin ko nawa ne dajin ke mayarwa, tunda itacen da mutum ya dasa yau jikansa ne zai sare shi.

Malaman daji irin su Georg Ludwig Hartig da Heinrich Cotta, wanda ya kafa makarantar gandun daji a Tharandt a 1811, sai suka koma ga awo. Suka auna kauri da tsawon itatuwa, suka tsara jadawalin yawan katakon da fili zai bayar a kowane zango na shekaru. Daga nan aka ƙago daji na tunani: idan itace na ƙosawa a shekara 100, a kasa gandun kashi 100, kowace shekara a sare kashi ɗaya a sake dasa shi, har illa masha Allah.

Martin Faustmann ne ya shigo da kuɗi cikin zancen. A 1849, yana ɗan shekara 27, ya buga maƙala a wata mujallar malaman daji kan yadda za a ƙimanta fili wanda babu itace a kansa. Dabararsa ita ce a haɗa ribar dukan saran da za a yi nan gaba, zagaye bayan zagaye, a cire kuɗin dashe da kulawa, sannan a mayar da kowane adadi zuwa darajarsa ta yau bisa kuɗin ruwa. A ƙarƙashin wannan akwai hujja mai nauyi, wato jira ma tsada ne. Muddin tsohon itace na tsaye, kuɗinsa a ɗaure suke, filin kuma ya hana sabon dashe wuri.

Sai dai amsar ta rataya ne ga lamba ɗaya da mai lissafi ke zaɓa da kansa. Kuɗi 100 da za a karɓa bayan shekara 100, darajarsu yau ba ta wuce 5 da ɗoriya ba idan ruwan kashi 3 cikin ɗari ne. Idan kashi 5 ne, ba ta kai 1 ba. Ƙarin maki biyu kawai ya isa ya mayar da tsohon daji asara a kan takarda. Max Robert Pressler, malami a Tharandt, ya yaɗa wannan tafarki, aka daɗe ana kai ruwa rana da malaman daji masu ganin ana so a sare itace tun bai ƙosa ba. Masana tattalin arziki sun goyi bayan Faustmann. Paul Samuelson ya yi haka a 1976.

Lissafin ya fifita itace mai saurin tashi, miƙaƙƙe, wanda Jamusawa ke kira Fichte, aka jera shi sahu-sahu a inda a da itatuwa iri-iri ke cakuɗe. Zagayen farko ya ba da riba ƙwarai. A zagaye na biyu aka ga girman itatuwan ya ja baya a sassan Saksoni, ga iska na kayar da su, ga ƙwari. Ba kuskuren lissafi ba ne. Ƙasa, guguwa da ƙwaro ne ba a ba su gurbi a cikinsa ba, aka kuma ɗauka gobe za ta yi kama da jiya.

Gyara ya biyo baya. A 1976 Richard Hartman ya saka darajar itace tsayayye a cikin lissafin, ya nuna akwai dajin da ribarsa ita ce kada a taɓa shi. Hukumar gandun daji ta Amurka ta ɗauki tsarin kwamfuta mai suna FORPLAN don daidaita katako da ruwa da namun daji. Amma itacen da aka dasa bisa tsohon lissafi yana nan har shekara tamanin ko fiye. Daga 2018 fari ya auka wa Jamus, ƙwaro mai cin ɓawo ya bi bayansa, ya bar tuddan Harz cike da busassun Fichte a tsaye cikin sahunsu.