Ɗan Daudu Daga Fagen Bori Zuwa Majigin Kano

A cikin jerin halittun da mai kallon wasan kwaikwayon Hausa ya saba da su, akwai boka mai ƙaryar aljanu, akwai baƙauye da birni ya ruɗa, akwai attajiri marowaci, akwai uwar miji mai baƙin kishi. Akwai kuma wani da ba ya buƙatar gabatarwa: da ya shigo da zane ɗaure a ƙirji ko a ƙugu, ya karya wuya, ya tafa hannu, ya ja magana da siririyar murya, an riga an san ko wane ne, dariya ma ta riga shi isa. Wannan shi ne ɗan daudu. Tarihinsa a idon jama'a ya ƙunshi wani abin lura: a daidai shekarun da ya fi farin jini a majigi, a shekarun ne aka fi ƙuntata wa mutumin da ake kwaikwayo a kasuwa da tashar mota.

Kalmar da ma'anarta

Ɗan daudu, jam'i 'yan daudu, namiji ne da ke ɗaukar ɗabi'un mata wajen magana da tafiya da sana'a. Ana kiran halin daudu ko daudanci, da irin ɗafa-ƙeyar da ke cikin karuwanci da iskanci, wadda ke mayar da sunan mutum ya zama sunan ɗabi'a. Akwai kuma tsohon laƙabi, ɗan hamsin, wanda yanzu ba a cika jin sa ba. Kalmar ba sabuwa ba ce, kuma ba daga Turai aka aro ta ba.

Wajibi ne ɗalibi ya bambanta ta da kalmomin luwaɗi da maɗigo. Waɗannan biyun suna nuni ga aiki na saduwa tsakanin jinsi ɗaya, ita kuwa daudu tana nuni ga abin da ido ke gani: girki, sayar da abinci, salon harshe, zama cikin mata. Akwai 'yan daudu masu neman maza, akwai masu mata da 'ya'ya, akwai kuma waɗanda suka haɗa biyun. Haka nan akwai maza masu neman maza da babu mai kiran su 'yan daudu domin babu alamar mata a tare da su. Saboda haka fassara kalmar kai tsaye da sunayen da Turawa ke amfani da su a yau kan ɓatar da rabin ma'anarta.

Tushe a fagen bori

Masana da dama suna danganta sunan da Daudu, wanda kirari ne na Galadima, kuma ta nan ne yake isa ga Ɗan Galadima, ɗaya daga cikin fitattun iskokin bori. A tatsuniyar 'yan bori, Ɗan Galadima ɗan sarauta ne a birnin aljanu na Jangare: kyakkyawa, mai son ado da turare, mai caca, mai kyautar da ba ta san gobe ba. Fremont Besmer, wanda ya yi nazarin bori a Kano ya kuma wallafa littafinsa Horses, Musicians and Gods a 1983, yana cikin waɗanda suka bayyana halartar 'yan daudu wuraren wasan bori.

Fagen bori wuri ne da iyakar namiji da mace ke sassautawa. Wanda iska ke hawa ana kiran sa doki, mace kuma goɗiya, amma iska namiji na iya hawan mace ta yi magana da muryar basarake, iska mace kuma ta hau namiji ya yi lulluɓi. 'Yan kallo sun san cewa a wannan lokaci jiki na wani ne, hali kuma na wani. Malaman jihadin 1804 sun yaƙi bori, Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ta yi ƙoƙarin janye mata daga gare shi ta hanyar karantarwar 'yan taru. Bori bai mutu ba, sai dai ya koma gefen gari, cikin gidajen mata masu zaman kansu a ƙarƙashin magajiya. A nan ne ɗan daudu ya sami mazauni, a nan ne kuma sunansa ya haɗu da na karuwa a bakin jama'a.

Bariki da doka

Zuwan Turawa ya haifar da sababbin wurare: layin dogo ya iso Kano a 1911, aka kafa Sabon Gari, tashoshin mota suka yawaita, baƙi marasa iyali suka cika birane. Duk waɗannan mutane suna buƙatar abinci, matan aure kuwa suna kulle. 'Yan daudu suka cike wannan giɓi: suna tuƙa tuwo, suna soya kaji, suna sayar wa matafiya, wasu kuma suna kawalci tsakanin maza da mata masu zaman kansu. Bahaushe ya kira wannan duniya bariki, kalmar da asalinta mazaunin soja da Turawa ne amma ta koma nufin duk inda aka fita daga idon dangi. Mawaƙan wa'azi na tsakiyar ƙarni na 20 sun yi tir da ita. Mu'azu Haɗeja ya yi waƙa a kan karuwa, ya yi wata a kan giya.

Hukuma ma ta sa ido. Kundin hukunta laifuffuka na Jihar Arewa, wanda ya fara aiki a 1960, ya sa namijin da ya yi shigar mata a bainar jama'a cikin jerin 'yan iskan gari a sashe na 405. Malamai kuma suna kafa hujja da hadisin da ya hana maza kamanta kansu da mata. Duk da haka zaman yau da kullum ya fi doka sassauci. Ana tsokanar ɗan daudu, ana kuma sayen abincinsa. Ana zaginsa a wa'azi, ana kuma kiran sa aikin girki ranar biki.

Cikakken bayanin wannan rayuwa yana cikin littafin Rudolf Gaudio, masanin harshe da al'ada ɗan Amurka wanda ya zauna a Kano a shekarun 1990. Littafin, Allah Made Us, ya fito a 2009. Ya nuna yadda 'yan daudu ke kiran juna ƙawa maimakon aboki, suna amfani da wakilin suna na mace, ke da ki da ta, suna ƙulla zumuncin uwa da 'ya tsakanin babba da ƙarami, suna kuma da gwaninta a habaici da karin magana. Ya kawo wani zaurance da ake kira yaren harka, wanda masu harka ke ɓoye zance da shi. Ya kuma nuna cewa da yawansu masu salla ne da azumi, wasu sun je Makka sun dawo da sunan Alhaji, kuma suna kallon kansu a matsayin Musulmi masu laifi kamar kowa, masu fatan shiriya kamar kowa.

Shigarsa majigi

Fim ɗin bidiyo na Hausa ya kama kasuwa da Turmin Danya, wanda ƙungiyar Tumbin Giwa ta yi a Kano a 1990. Kafin ƙarshen shekarun nan masana'antar ta bunƙasa, har mujallar Tauraruwa ta raɗa mata suna Kannywood a 1999. Kaset-kaset ɗinta sun bi tsofaffin hanyoyin fatauci zuwa Maraɗi da Damagaram, da zangunan Hausawa na Kumasi da Ankara da Lome. Finafinan sun rabu gida biyu: na soyayya masu waƙa da rawa irin ta Indiya, da na barkwanci da ake kira camama, masu arhar shiryawa da saurin fita.

Sarkin camama shi ne Rabilu Musa, ɗan ƙauyen Ɗanlasan a Jihar Kano, wanda ya bar aikin gidan yari ya zama Ibro. Dabararsa ita ce ya ɗauki duk abin da ke bakin jama'a ya sa masa sunansa: Ibro Awilo, Ibro Usama, Ibro Aloko. A cikin wannan jeri ne Ibro Ɗan Daudu ya fito a farkon shekarun 2000, Gaudio kuma ya yi masa sharhi a littafinsa. Abin da ya ba mutane dariya a fili yake: namijin da kowa ya sani ya ɗauki murya da rangwaɗa da kaifin bakin da kowa ya taɓa ji a bakin kasuwa.

Farin jinin wannan hali yana da dalili na harshe. Bahaushe yana girmama kunya da kawaici a bakin namiji, ɗan daudun majigi kuwa an yafe masa su. Yana iya mayar wa attajiri martani, ya yi wa malami habaici, ya faɗi abin da matar aure ke haɗiyewa. Ta wannan fuska ya yi kama da wawan sarki, wanda matsayinsa na ƙasa ne ya ba shi izinin faɗin abin da hakimi ba zai iya ba. Sai dai izinin yana da sharaɗi. Ba a ba shi tarihi ko uwa ko baƙin ciki. Ba a tambayar yadda ya bar garinsu ko inda zai kwana idan ya tsufa. Mai kallo kuma ya tabbata cewa da an kashe kyamara ɗan wasan zai kwance zane ya koma namiji kamar kowa, wannan tabbacin ne ya sa dariyar ba ta da haɗari.

Shekarun ƙunci

A wajen majigi lamarin ya sha bamban. Jihar Zamfara ta yi shelar shari'ar Musulunci a 1999, Kano ta bi sahu a 2000. An rufe gidajen mata masu zaman kansu da mashaya a wurare da dama, an kuma yi dokar jiha da ta haramta wa namiji kwaikwayon ɗabi'un mata. An kafa Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano a 2001, aka ba Hukumar Hisba gindin zama na doka a 2003. A 2007 an kama maza 18 a Bauchi aka gurfanar da su bisa zargin shigar mata. A Janairun 2014 Shugaba Goodluck Jonathan ya sa hannu a dokar haramta auren jinsi, mai ɗaurin shekara 14, wadda ta haɗa har da hukunci ga ƙungiyoyi da masu mara musu baya. Tun daga nan sunan ɗan daudu ya ƙara cakuɗewa da muhawarar duniya da ba a cikinta aka haife shi ba, har wasu suna ɗaukar daudu baƙuwar ɗabi'a ce, alhali ta girmi rediyo da talabijin a ƙasar Hausa.

Su ma 'yan wasan ba su tsira daga hukuma ba. A 2008 kotun tafi-da-gidanka ta hukumar tace finafinai, a zamanin shugabancin Abubakar Rabo Abdulkarim, ta ɗaure Ibro wata 2 a kan Ibro Aloko. Amma shi ya fito ya ci gaba da sana'arsa, da ya rasu a Disambar 2014 kuma aka yi jimaminsa a duk inda ake jin Hausa. Mai soya kaji a tasha, wanda daga bakinsa aka ari muryar, ba shi da irin wannan kariya.

Abin da adabin Turanci ya yi

Marubutan Nijeriya masu rubutu da Turanci sun bi wata hanya, ta shiga zuciyar mutum maimakon tsayawa a shigarsa. Jude Dibia ya wallafa Walking with Shadows a 2005, labarin magidanci a Legas da asirinsa ya tonu. A Under the Udala Trees na Chinelo Okparanta, wanda ya fito a 2015, yarinyar da tauraruwar labarin ta fara so a zamanin yaƙin basasa Bahaushiya ce mai suna Amina. Arinze Ifeakandu, haifaffen Kano, ya sami kyautar Dylan Thomas a 2023 da tarin gajerun labaransa God's Children Are Little Broken Things. Waɗannan littattafai ba a kan 'yan daudu suke ba, masu karanta su kuma ba su kai ko kusa da masu kallon Ibro ba. A littattafan Hausa na kasuwar Kano kuwa, idan luwaɗi ko maɗigo ya shigo labari, yawanci a matsayin annoba yake zuwa, da darasi a ƙarshe.

Ga ɗalibin Hausa, ribar wannan tarihi ita ce ya san nauyin kalmar kafin ya furta ta. A bakin yaro a titi zagi ce, a bakin mai shirya fim sunan rawar da za a taka ce, a bakin alƙali laifi ce mai sashe, a bakin masu ita kuwa sunan sana'a ce da zumunci. Duk wanda ya kalli camama ya yi dariya ya ji ɗaya daga cikin waɗannan ma'anoni ne kawai, sauran suna wajen mutanen da fim ɗin bai taɓa tambayar sunayensu ba.