Labarin Wasiyyar James Smithson da Yadda Aka Riƙe Amanarta

A birnin Washington, hedkwatar ƙasar Amurka, akwai wasu manyan gidaje na ajiye kayan tarihi da na ilmi, waɗanda a ke kira Smithsonian. Kowa ya kan shiga ya yi kallo, ba a karɓar ko anini a ƙofa. Asalinsu kuwa dukiyar mutum guda ce, wanda bai taɓa sa ƙafarsa a Amurka ba. Ga yadda abin ya faru.

An yi wani malami Bature, mutumin Ingila, sunansa James Smithson, mai binciken duwatsu da ma'adinai. Ya gaji dukiya mai yawa, amma bai yi aure ba, bai kuwa bar ɗa ba. Ya rasu a birnin Genoa ta ƙasar Italiya cikin shekarar 1829. A cikin wasiyyarsa ya bar dukiyar ga ɗan ɗan'uwansa, da sharaɗin in yaron ya rasu ba magaji, a miƙa ta duka ga ƙasar Amurka, a kafa gida a Washington da sunansa domin ƙara ilmi da watsa shi cikin mutane. Ana nan, cikin 1835 yaron ya rasu, bai bar baya ba.

Da labari ya iso, shugaban ƙasa Andrew Jackson ya kai magana gaban Majalisar Dokoki. Waɗansu wakilai suka ce bai kamata ƙasa mai 'yanci ta karɓi kyautar baƙo ba, amma masu son a karɓa suka rinjaya. Cikin 1836 aka aiki wani lauya, Richard Rush, zuwa London, ya yi kusan shekara biyu yana bin shari'ar gadon, har kotu ta sakar masa kuɗin cikin 1838. Ya mai da su zinariya, fam 104,960, ya ɗura a jakunkuna, ya shigo jirgin ruwa da su. A gidan buga kuɗi na Philadelphia aka narke su, aka sāke bugawa, suka tashi dala 508,318.

To, nan ne aka yi kuskure. Tun kuɗin ba su iso ba, sai aka cusa wani sashi cikin dokar kuɗin makarantar soja ta West Point, wanda ya ce a ba jihohi rancen dukiyar. Aka ɗauki dala 500,000, watau kusan dukkanta, aka sayi takardun bashi na jihar Arkansas, jihar da shekararta biyu kacal da kafuwa. Cikin 1841 Arkansas ta kasa biyan ruwan bashin, balle uwar kuɗi. Amanar mamaci ta koma takarda.

Wanda ya tsaya a kan wannan al'amari shi ne John Quincy Adams. Ya riƙe shugabancin ƙasa daga 1825 zuwa 1829, sa'an nan ya shiga Majalisar Wakilai, aka sa shi shugaban kwamitin da ke duba wasiyyar. Hujjarsa ita ce, ƙasa ta karɓi dukiyar ne a kan amana, ta kuwa yi alkawari da bakinta. In wanda ta ranta wa ya kasa biya, hasarar tata ce, ba ta mamaci ba. Ya kuma nace kada a taɓa uwar kuɗin har abada, ribar kaɗai za a riƙa kashewa. Shekara takwas ana ta gardama, wannan ya ce jami'a za a gina, wancan ya ce ɗakin karatu, Adams kansa yana son gidan duban taurari.

Ran 10 ga Agusta 1846 shugaba James Polk ya sa hannu a kan dokar da ta kafa Smithsonian. Dokar ta ce Baitulmalin ƙasa ya ɗauki dukiyar duka a matsayin rance a wuyansa, ya riƙa biyan ruwa shida bisa ɗari kowace shekara, tun daga lokacin da kuɗin suka shigo. Da ruwan da ya taru, fiye da dala 240,000, aka ba da izinin yin gini. Aka naɗa Majalisar Amintattu, cikinsu har da Mataimakin Shugaban Ƙasa, da Alƙalin Alƙalai, da wakilai daga majalisun dokoki biyu, da waɗansu dattawan ƙasa. Aka wajabta musu kawo lissafi gaban Majalisar Dokoki. Magatakarda na fari shi ne Joseph Henry, malamin kimiyya.

Daga baya gidan ya zama mai aljihu biyu. Ɗaya na kuɗin da gwamnati ke bayarwa kowace shekara, wanda shi ya fi yawa. Ɗaya kuma na amana, watau gadon Smithson da kyautar masu hannu da shuni da ribar ciniki. Aljihun gwamnati yana da dokoki masu tsanani da masu bincike. Na amana kuwa, hukuncinsa yana hannun Amintattu, su kuma manyan mutane ne masu ayyuka da yawa, ba su kan zauna ba sai 'yan lokatai a shekara.

Illar wannan ta fito fili bayan shekara 160. Cikin 2000 aka naɗa wani ma'aikacin banki, Lawrence Small, ya zama Magatakarda. Cikin 2007 mai binciken kuɗi na gidan ya gano kusan dala 90,000 da aka kashe masa ba bisa ƙa'ida ba, ga kuma jimlar abin da a ke biyansa ta haura dala 900,000 a shekara, ana biya daga aljihun amana. Sanata Charles Grassley ya ɗaga maganar, Small ya ajiye aiki cikin watan Maris. Kwamitin da aka kafa a ƙarƙashin Charles Bowsher, tsohon babban mai binciken kuɗin gwamnati, ya ce laifin bai tsaya ga mutum guda ba: Amintattu ba su tambaya ba, ba a kuwa kawo musu cikakken bayani ba. Saboda haka aka ƙara yawan zamansu, aka kuma ba mai bincike da lauyan gida da ma'aji ikon kai magana gare su kai tsaye, ba sai ta hannun Magatakarda ba.

Sau biyu ke nan amanar ta yi rauni, duk kuwa ta ƙofa guda: kuɗi suka shiga hannun da ba mai tambayarsa. Da fari an zuba su wuri ɗaya ba a auna mai karɓa ba. Daga baya aka ɗauka tun da ba haraji ba ne, ba sai an tsananta lissafi ba. Alhali kuwa dukiyar da mutum ya ba jama'a, da zarar ta shiga ƙofa ta zama ta jama'a, nauyinta ma ya fi na haraji, gama mai ita ya tafi inda ba zai komo ya nemi rasit ba. Ma'aji da magatakarda da mai bincike su ne bakinsa.

Smithson dai ya iso Amurka daga ƙarshe. Cikin 1904 Alexander Graham Bell, wanda ya ƙago wayar tarho, ya ɗauko ƙasusuwansa daga Genoa, aka ajiye su kusa da ƙofar ginin farko da aka yi da ribar dukiyarsa. Allah ya ba masu riƙon amana ikon sauke ta, amin.